Horar da Sababbin Ma'aikata Kan Tsaftar Abinci Ta Intanet: Hanyar Kare Kasuwar Citta a Kudancin Kaduna

Kafanchan: Kudancin Jihar Kaduna ne cibiyar noman citta a Najeriya, musamman ƙananan hukumomin Kachia, Jaba, Kagarko da Jema'a. Da zarar hunturu ya kama aka shiga girbi, masu sarrafa citta kan ɗauki sababbin ma'aikata domin wanki, tsagawa, shanya, niƙa da ɗurawa a buhu. Akasarinsu kan fara aiki ba tare da wani horo kan tsaftar abinci ba, alhali a hannunsu ne ingancin hajar yake.

Wannan giɓi yana da tsada. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda ragowar maganin ƙwari mai suna dichlorvos. Ita kuwa citta, babban abin da ke barazana gare ta shi ne aflatoksin, gubar da fumfuna ke haifarwa idan kaya ba su bushe sosai ba. Dokar Turai ba ta yarda jimillar wannan guba ta wuce maikirogiram 10 a kowane kilo na citta ba, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Bayan annobar cutar da ta lalata gonakin citta a yankin a 2023, asarar kaya ta hanyar sakaci a wurin sarrafawa abu ne da ɗan kasuwa ba zai iya ɗauka ba.

Horo ta intanet yana iya toshe wannan giɓi, muddin an tsara shi daidai da halin mai koyo. Abu na farko shi ne a gina shi kan wayar hannu, domin ma'aikacin shanya ba ya zama gaban kwamfuta. Ya kamata darussan su kasance gajeru, masu saukuwa cikin waya, ta yadda za a kalle su ko da babu sabis.

Na biyu shi ne harshe. Ma'aikatan yankin sun haɗa da Bajju, Atyap, Ham da sauran ƙabilu, kuma Hausa ce ke haɗa su a kasuwa. Don haka murya da hoto cikin Hausa sun fi dogon rubutu na Turanci isar da saƙo.

Na uku, a ba kowane darasi aiki guda: wanke hannu da sabulu bayan fita daga bayan gida, shanya a kan tamfol ko dandamali maimakon ƙasa ko gefen titi, inda ƙura da kashin dabbobi ke kawo ƙwayar salmonela, tabbatar da bushewa kafin ɗurawa, jera buhuna a kan katako nesa da bango, da guje wa buhun da ya taɓa ɗaukar taki ko maganin ƙwari. Hotunan da aka ɗauka a masana'antar kanta sun fi amfani, domin mai koyo zai gane wurin aikinsa.

Waɗannan matakai sun dace da tsarin HACCP, wanda aka ƙirƙira a Amurka cikin shekarun 1960 domin abincin 'yan sama jannati, kuma daga baya hukumar Codex Alimentarius ta karɓe shi. Ginshiƙinsa shi ne gano matakin da haɗari ke shiga abinci, a tsare shi tun daga nan.

Sai dai kallon bidiyo kaɗai ba ya gyara hannu. Wajibi ne bayan kowane darasi shugaban sashe ya ga ma'aikaci ya aikata abin da ya koya, sannan a rubuta sunansa da ranar da ya kammala. Irin wannan rajista na daga cikin takardun da masu binciken masana'antu, ciki har da jami'an hukumar NAFDAC da aka kafa a 1993, da manyan masu saye daga ƙetare ke dubawa.

Ga ƙananan masu sarrafawa da ba su da ƙarfin shirya darussa su kaɗai, ƙungiyoyin manoma da 'yan kasuwar citta suna iya haɗa kuɗi su shirya manhaja guda, su raba wa mambobinsu kafin girbi mai zuwa.