Ba kowane rashin ji ba ne tsufa

Masu saurarenmu na Gure da kewaye, da ƴan'uwa da ke Libiya da Najeriya, in dattijo ya fara yawan "me ka ce?", mukan ce tsufa ne, shi ke nan. To, ba kullum ba. Wani dauɗa ce ta toshe kunnen, wankewa kawai yake buƙata. Wani mugunya ce ta daɗe tana zuba, wani sanƙarau ya bar masa, wani ƙarar injin niƙa ce.

Daga ina za a fara? Daga CSI mafi kusa. In abin ya fi ƙarfin majo, zai ba da takarda zuwa likitar Gure, daga nan sai sashen kunne, wato ORL, a babbar likitar Damagaram, wajen kilomita 160.

Kuɗin mota ne ke tsayar da mutane da yawa. Ku da ke aiko da saƙo gida, ku ware na wannan tafiya, a samu mai rakiya.

Kafin nan, don Allah, ban da tsinken ashana, gashin kaza ko ɗiga mai a kunne. Allah ya ba mu lafiya.