ME YA SA SHINKAFA KE KWANCIYA GAB DA GIRBI?

Daga Gidan Goga ta ƙasar Maradun har zuwa Bakura da Talata Mafara, manomi ya san baƙin cikin ganin shuka ta yi kyau ta fid da kai, sa'an nan iskar ƙarshen damina ta shimfiɗe ta ƙasa cikin dare ɗaya. Zangarniyar da ta kwanta cikin ruwa ruɓewa take yi ko ta tsiro, yankanta kuma ya zama jidali. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato cikin 1978, shinkafa ta zama abin dogaron iyalai da yawa a wannan yanki, saboda haka wannan hasara ba ƙarama ba ce.

To, mene ne ke tsai da kara, alhali ba shi da ƙashi? Masana ilmin tsirrai sun ce jikin shuka tarin ƙananan ɗakuna ne waɗanda ido ba ya iya gani, watau ƙwayoyin halitta. Kowane ɗaki cike yake da ruwa mai tura bangonsa waje, da ƙarfin da sau da yawa ya fi na iskar tayar mota. Shi ya sa ganye ke yaushi da zarar ƙasa ta bushe. Shi kuwa bangon, an saƙa shi da zaruruwan selulos, irin abin da ke cikin auduga. Idan kara ya manyanta sai wani sinadari mai suna liginin ya cike tsakaninsu, ya ƙanƙame su.

Cikin 2021 Daniel Cosgrove da abokan aikinsa na wata jami'a ta Jihar Pensilbeniya a Amurka suka nuna cewa zaruruwan nan manne suke da juna, amma in an ja su sukan zame a kan juna ba tare da sun tsinke ba. Ta haka bango ke riƙe ƙarfinsa, kuma ya miƙe lokacin da shuka ke girma.

Wannan ilmi ya bayyana abin da ke faruwa a gona. Idan aka zuba takin yuriya fiye da kima, ko aka cunkushe dashe har rana ta kasa kaiwa gindi, gaɓoɓin ƙasa sukan yi tsawo, bangonsu ya yi siriri, liginin ya ragu. Ganye ya yi kore shar, kai ya yi nauyi, amma gindi ba ƙwari.

Masu kyautata iri sun daɗe suna neman magani. Cikin 1966 Cibiyar Binciken Shinkafa ta Duniya da ke Filifin ta fito da gajeren iri mai suna IR8, wanda ke ɗaukar taki bai faɗi ba. Sai cikin 2002 aka gano ƙwayar gadon da ke gajarta shi. Cikin 2010 kuma masanan Japan suka gano wata, SCM2, mai ƙara wa kara kauri, ta kuma ƙara yawan ƙwaya a zangarniya. Har ila yau a Japan, cikin 2006, Jian Feng Ma da jama'arsa suka gano ƙofar da saiwar shinkafa ke zuƙo silika da ita, watau sinadarin da ke cikin rairayi, wanda ke ƙara wa kara da ganye tauri.

Saboda haka ya kamata malaman gona su riƙa jaddada wa manoma abubuwa uku: a kasa yuriya kashi biyu ko uku maimakon a zuba gaba ɗaya, a bar tazarar kamar santimita 20 tsakanin dashe, a kuma mai da karan shinkafa da tokar ɓuntu gona, domin silikan da aka ɗebe ya koma ƙasa. Ɗalibanmu na aikin gona kuwa, ga fagen bincike nan a Bakolori yana jiransu: wane iri ne cikin waɗanda ake nomawa ya fi tsayawa gaban iskarmu?