Yadda Ake Harhaɗa Allon Gwaji Na Ɗaukar Bidiyo

A shekarar 1959 aka buɗe gidan talabijin na farko a Nijeriya, a garin Ibadan, sa'an nan na Kaduna ya biyo baya a 1962. A wancan zamani ɗaukar hoto mai motsi aikin gwamnati ne, domin kayansa sai an cika ɗaki guda da su. Da tafiya ta yi tafiya kaset ɗin bidiyo ya shigo, har ƙungiyar Tumbin Giwa ta nan Kano ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a 1990, kasuwar kaset ta buɗe a Ƙofar Wambai da Bata. Bayan kaset faifai ya zo, bayan faifai kuma sai turi a waya. Yau ga shi aikin da dā sai an cika ɗaki, wani ɗan allo da bai wuce tafin hannu ba yana yin sa. Wannan allo shi ne nake so in yi wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu bayaninsa, da yadda ake harhaɗa shi har ya fara aiki.

Da farko dai, mene ne allon gwaji? Duk wanda ya taɓa leƙa cikin risibar talabijin, ko kyamarar tsaro irin wadda ake kafawa a bankuna, zai ga wani faranti, galibi kore, an jera masa ƙananan abubuwa baƙaƙe. Wannan faranti kwamfuta ce, amma wadda aka binne a cikin wata na'ura don ta yi aiki ɗaya tak. To, kafin kamfani ya ƙera dubbanta, sai injiniyoyinsa sun gwada dabararsu a kan wani allo da aka bar shi a buɗe, mai ƙofofi da yawa na soka waya. Shi ake kira allon gwaji. Alal misali kamfanin Texas Instruments na Amurka ya fitar da ƙwaƙwalwar na'ura mai suna DaVinci a 2005 musamman don aikin bidiyo, kuma yana sayar wa injiniyoyi allunan gwajinta. Sunan allo ya dace da shi ƙwarai, gama kamar allonmu na makarantar asuba yake: a rubuta, a biya, a wanke, a sake rubuta wani.

Irin waɗancan alluna na kamfanoni suna da tsada, sun fi ƙarfin ɗan makaranta. Wanda ya sauko da abin kusa da talaka shi ne allon Raspberry Pi. Wasu malamai da injiniyoyi na garin Kambirij a Ingila, cikinsu har da Eben Upton, suka lura cewa yaran da ke zuwa jami'a karatun kwamfuta sun iya amfani da ita amma ba su san cikinta ba. Saboda haka suka fitar da wannan allo a watan Fabrairu na 2012 a kan dala 35. Tsawonsa milimita 85 ne, faɗinsa 56, watau kamar katin cirar kuɗi na banki. A 2013 suka yi masa 'yar kyamara, suka sake inganta ta a 2016 da 2023. Allon kansa ya yi ta samun ƙanne: na huɗu ya fito a 2019, na biyar a 2023. Bayanin da zan yi a kan na huɗun ne, domin yana da sashe na musamman a cikin ƙwaƙwalwarsa mai matse bidiyo.

Kafin mu taɓa waya, ya kamata mu san abin da ake nufi da matse bidiyo, don shi ne babban aikin allon. Abin da muke kira hoto mai motsi, a gaskiya hotuna ne tsayayyu masu yawa da ake nunawa da sauri, ido ya ɗauka motsi ne. Talabijin ɗin ƙasar nan hotuna 25 yake nunawa a cikin daƙiƙa ɗaya. Kowane hoto kuwa ɗigo-ɗigo ne aka jera. Hoto mai kyau yana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye. In ka yi sau za ka sami ɗigo 2,073,600. Kowane ɗigo yana bukatar lambobi uku, na ja da na kore da na shuɗi. Ke nan hoto ɗaya ya ɗan wuce megabait 6, hotuna 25 kuma sun kai megabait 155 a daƙiƙa guda. Da haka za a zuba shi, da katin memori mai gigabait 32 ya cika kafin minti huɗu.

Yaya ake yi ke nan? Dabarar irin ta malamin aji ce wajen kiran suna. Ba ya sake rubuta sunayen yara arba'in kowace safiya. Yana da su a rajista, sai dai ya sa alama a kan wanda bai zo ba. Haka allon yake yi. In an kafa kyamara tana kallon ƙofar kanti, bango ba ya motsi, ƙofa ba ta motsi, sai mai wucewa kaɗai. Sai allon ya ajiye hoto ɗaya cikakke, a waɗanda suka biyo baya kuwa ya rubuta abin da ya sauya kawai. Ƙa'idar da aka fi bi wajen yin haka sunanta H.264, an amince da ita a 2003. In aka saita allon ya riƙa cin megabait ɗaya a daƙiƙa, awa guda za ta ci gigabait 3.6, katin nan da zai cika a minti huɗu sai ya ɗauki kusan awa tara.

Yanzu sai kayan aiki. Ana bukatar allon kansa, da kyamararsa tare da kebul ɗinta mai faɗi kamar tsiri, da katin memori irin na waya wanda bai gaza gigabait 16 ba, da caja mai ba da bolt 5 da amfiya 3, da talabijin ko allon kwamfuta mai ƙofar HDMI da kebul ɗinsa, sa'an nan kibod da linzami. A lura, ƙofar HDMI ta wannan allo ƙarama ce, saboda haka sai an nemi kebul mai ƙaramin kai a gefe ɗaya. Kati da caja da kibod duk ana samunsu a Farm Centre ko titin Beirut ko kasuwar Sabon Gari. Allon da kyamarar kuwa akan yi odarsu ta intanet. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kayan waje suka ƙara tsada, don haka ya fi sauƙi ɗalibai biyar ko shida su haɗa kuɗi, ko kuwa ƙungiyar kimiyya ta makaranta ta saya. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

Mataki na farko shi ne rubuta wa allon karatunsa. Sabon allo fanko ne, bai san kome ba sai abin da ya tarar a katin memori. Sai a sami wata kwamfuta mai intanet a sauke manhajar Raspberry Pi Imager, a soka katin, a zaɓi tsarin Raspberry Pi OS, a ba da umurnin rubutawa. Wannan aiki yana share duk abin da ke kan katin, saboda haka kada wani ya zaro na wayar mahaifiyarsa mai hotunan biki. In an gama sai a zura katin a 'yar ƙofarsa da ke ƙarƙashin allon.

Mataki na biyu shi ne ɗaura kyamara, kuma nan ne wurin da ya fi bukatar natsuwa. Ba a yin sa sai allon yana kashe, an zare caja. Haka kuma kafin ka taɓa allon ka fara dafa wani ƙarfe da ke haɗe da ƙasa, kamar famfo. Dalili kuwa, kowa ya san yadda a lokacin hunturu in ka tuɓe rigar sanyi cikin duhu kake jin ƙyas-ƙyas har ka ga ɗan tartsatsi. Wannan lantarki ne da ya taru a jikinka saboda bushewar iska, kai ba zai yi maka kome ba, amma ya isa ya kashe kyamara. In ka yi haka, sai ka ɗaga ɗan marfin ƙofar kyamara a hankali da farce, ka zura kebul ɗin ya zauna daidai, gefen da ke da haƙoran ƙarfe yana fuskantar ƙofofin HDMI, sa'an nan ka danna marfin ya koma. A riƙa kama allon ta gefe-gefe, kamar yadda ake riƙe faifai.

Mataki na uku, a haɗa talabijin da kibod da linzami. Caja ita ce ta ƙarshe, domin wannan allo ba shi da makunni, da wuta ta shiga ya tashi. Za a ga fitila ja ta kama, alamar akwai wuta, da kuma koriya tana ƙyaftawa, alamar yana karanta kati. Tashin farko yakan ɗan jima. Daga nan zai tambayi ƙasa da harshe da lokaci, ya kuma nemi a ba shi suna da kalmar sirri. Kada a sa kalmar da kowa zai iya cinka, kamar sunan unguwa ko 1234.

Mataki na huɗu shi ne gwaji. A buɗe baƙar tagar da ake rubuta umurni a cikinta, a rubuta rpicam-hello. In an ɗaura kyamara daidai, abin da take kallo zai bayyana a talabijin na ɗan lokaci. Sa'an nan a rubuta rpicam-vid -t 10000 -o gwaji.h264. Lambar 10000 tana nufin daƙiƙa goma, don allon yana raba daƙiƙa kashi dubu, gwaji.h264 kuwa shi ne sunan da bidiyon zai zauna da shi a kati. In allon ya ce bai ga kyamara ba, kada a yi saurin cewa ta mutu. Yawanci kebul ne ya karkace ko aka juya shi baibai. A kashe, a gyara, a sake kunnawa.

Akwai abubuwa uku da ƙasarmu ta bambanta da inda aka ƙera allon, tilas a kula da su. Na ɗaya wuta. In aka ɗauke wuta allon yana tsakiyar rubutu a kati, katin yana iya rikicewa, sai an wanke shi an sake daga farko. Maganin haka shi ne a haɗa shi da batirin cajin waya mai ƙarfi ko na sola, kuma kullum a kashe shi ta hanyar umurni, a jira koriyar fitila ta daina ƙyaftawa kafin a zare caja. Cajar banza ma cuta ce, don in ƙarfinta ya gaza allon yakan yi gargaɗi, aikinsa ya yi nauyi. Na biyu zafi. Ƙwaƙwalwar allon in ta kai digiri 80 sai ta fara rage gudu don ta tsira, a Kano kuwa zafin bazara kansa yakan wuce digiri 40 a watan Afrilu. Saboda haka a manna mata ɗan ƙarfen da ke shan zafi ko 'yar fanka, kuma kada a ajiye ta daf da rufin kwano. Na uku ƙura. A yi masa gida, ko da na roba ne, a huda masa ƙofofin shan iska.

To, in ya tashi, me za a yi da shi? Ana iya kafa shi a kanti ya riƙa ɗaukar hoto sai in wani abu ya motsa, don kada kati ya cika a banza. Ana iya kafa shi a lambun makaranta ya ɗauki hoto ɗaya kowane minti goma, a haɗa su a ga yadda wake ke tsirowa cikin 'yan daƙiƙoƙi. Ana iya ɗaukar gwajin kimiyya na malam a ajiye wa 'yan ajin baya. Wanda ya koyi rubuta umurni da harshen Python kuwa, sai ya koya wa allon ƙidaya motocin da ke wucewa.

Amma akwai magana ɗaya da ba ta cikin takardar kamfani. A unguwarmu ta Yakasai, kamar sauran unguwannin cikin birni, gidaje manne suke da juna, lunguna ƙanana, katanga ɗaya ta raba tsakar gidan wani da ta wani. Kakanninmu sun gina zaure ne don baƙo ya tsaya nan, idonsa kada ya kai cikin gida. Kyamarar da aka ɗora a kan soro ba ta san wannan ladabi ba, sai in mai ita ya sani. Don haka kada a kafa ta sai da izinin maigida, kada ta fuskanci tsakar gidan maƙwabci, kada kuma a ɗauki hoton mutum a watsa ba da saninsa ba. Hoton da ya shiga waya ba ya dawowa, kuma zumuncin shekara arba'in yana iya lalacewa a kansa.

Daga ƙarshe ina roƙon iyayenmu, in sun ga yaro a lokacin hutu ya duƙufa a kan wayoyi da wani ɗan faranti, su tambaye shi abin da yake yi kafin su ce wasa ne. Tun 1977 Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa don ta sami likitoci da injiniyoyi nata na kanta. Finafinai muna yin namu, amma kyamara da risiba da wayar da muke kallo a ciki duk daga waje suke zuwa, in sun lalace kuma sau da yawa sai dai a sayi wasu. Masu ƙera su kuwa a kan irin wannan allo suke koyon aikinsu. 'Yan'uwana ɗalibai, maza da mata, da sanyin safiya ake kama fara. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.