Masu Suka Sun Yi Yawa, Ina Masu Sharhi?

Duk wanda ya san kasuwar Faskari, ko ta Ƙanƙara, ko ta Sabuwa, ya san shagon caji: wayoyi jere a kan allo kowacce da lambarta, janareta na ruri a bayan shago, ga wani matashi zaune gaban kwamfuta yana tura finafinai a memori. Mai saye ba ya neman a karanto masa sunaye. Tambayarsa ɗaya ce: "Wanne ne mai kyau a ciki?" Abin da matashin nan ya faɗa shi za a kalla a gidan a daren nan, ko sabon zangon wani fim na Kano ne, ko Indiya-Hausa irin fassarar Algaita, ko dogon labarin sarakunan Turkiyya. A zahiri shi ne mai sharhin fim mafi ƙarfin faɗa a ji a garin, duk da cewa hukuncinsa bai wuce kalmomi biyu ba, "ya haɗu" ko "ba ya ja". Abin da nake so in nuna shi ne, finafinanmu ba su rasa masu zagi ba, ba su kuma rasa masu yabo ba. Abin da suka rasa shi ne mai zama ya feɗe aikin da Hausa, ya faɗi dalili, ta yadda mai kallo zai ƙaru, mai shiryawa kuma ya gyara.

Ƙasar Faskari tana da hannu a wannan zance fiye da yadda mutane da yawa suka sani. Ibrahim Sheme, ɗan jarida kuma marubucin 'Yartsana, ɗan wannan ƙaramar hukuma ne, shi ne kuma ya kafa mujallar Fim wadda ta fara fitowa a watan Maris na 1999, shekara tara bayan ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990. A wannan zamanin ne sunan Kannywood ya fara bayyana a mujallar Tauraruwa ta Sunusi Shehu Daneji. Waɗannan mujallu sun buɗe fage: ana hira da daraktoci, ana buga wasiƙun masu karatu, ana musu a kan abin da ya fito kasuwa. A 2003 aka yi babban taro a Kano a kan finafinan Hausa, wanda Farfesa Abdalla Uba Adamu na cikin jagororinsa, aka tattara maƙalun suka zama littafi a 2004. Ke nan an aza harsashi tun da wuri. Sai dai mafi yawan nazari mai zurfi da ya biyo baya da Turanci aka yi shi, kamar rubuce-rubucen Carmen McCain da Muhsin Ibrahim, ko kuma ya maƙale a kundayen digiri na jami'o'i inda ake kiransa tarke. Mai kallo na Daudawa ko Yankara, wanda don shi aka yi fim ɗin, sai aka bar shi da labarin wace jaruma ta yi aure, wace ta fito.

Idan aka bi tarihin manyan rigingimun masana'antar, za a ga kusan duka a kan abu ɗaya suke. A ƙarshen 2000, bayan ƙaddamar da Shari'a, gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim, sannan a 2001 aka kafa Hukumar Tace Finafinai. A 2007 aka sake dakatar da aiki na watanni, hukumar ta koma hannun Abubakar Rabo Abdulkarim, aka ɗaure Adam A. Zango a kan wani faifan waƙoƙinsa. A ƙarshen 2008 aka ɗaure Hamisu Lamido Iyan-Tama bisa tuhumar da ta shafi rajista da tace fim ɗinsa Tsintsiya, fim ɗin da jigonsa zaman lafiya tsakanin ƙabilu da addinai ne. A 2016 aka soke shirin gina alƙaryar fim a Kano bayan malamai sun yi ca, a shekarar kuma ƙungiyar masu harkar fim ta MOPPAN ta kori jaruma Rahama Sadau saboda wani bidiyon waƙa. Sutura, rawa, taɓa jiki, takardar izini: iyakar abin da ake ta da jijiyar wuya a kansa ke nan. Ba a taɓa yin hayaniya irin wannan don an cuci masu kallo da labarin da ba shi da kai ba shi da gindi ba.

Za a ce mini, ai al'ummar Musulmi ce, dole tarbiyya ta zo gaba da komai. Na yarda, kuma uban da ya damu da abin da 'yarsa ke gani a waya yana da cikakkiyar hujja. Amma tarbiyya ba a gyale da tsawon riga ta tsaya ba. Fim zai iya tsallake kowace doka ta hukumar tacewa, babu rawa, babu cakuɗa, amma ya koyar da ƙarya. A duba yadda ake nuna mutumin ƙauye a yawancin finafinan camama, wani lokaci har da manyan finafinai: riga a yage, haƙora an shafa musu baƙi, hula a karkace, yana buɗe baki yana kallon fanka kamar ya ga aljani. Sannan a dubi manomin Faskari na gaskiya, wanda ya san lissafin buhun taki da na masara, ya san lokacin da farashi ke motsi a kasuwar Funtuwa, yana riƙe da gida mai mutum ashirin. Shi ne yake biyan kuɗi a tura masa fim ɗin da ke yi masa dariya. A ɗaya ɓangaren ga Alhajin fim a ƙaton falo, motoci a harabar gida, ba a taɓa nuna sana'arsa ba sai dai a ce ya tafi ofis. Yaron da ya tashi yana kallon wannan ya koyi cewa noma abin kunya ne, dukiya kuma daga sama take faɗowa. Wannan ɓarna ce ta tarbiyya, kuma almakashin mai tacewa ba ya kama ta. Mai sharhi ne kaɗai zai nuna ta.

Aikin mai sharhi tambayoyi ne da kowa zai iya fahimta. Me ya sa jarumar ta canza ra'ayi a fitowa ta goma alhali ba a nuna dalili ba? Me ya sa mutum biyu za su zauna a kujera minti bakwai suna ba juna labarin abin da muka riga muka gani da idonmu? Hausar da aka sa a bakin tsohuwar ƙauye, ta tsohuwa ce ko ta ɗalibar jami'a? Hatta tsohuwar sukar nan ta "kwaikwayon Indiya", wadda ake jifan finafinai da ita tun zamanin Sangaya da Wasila, rabin magana ce. Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano, ya nuna cewa Hausawa sun rungumi finafinan Indiya ne domin sun ga damuwarsu a ciki: auren dole, kunya, biyayyar iyaye, rikicin so da al'ada. Don haka faɗin cewa an yi aro bai wadatar ba. Sai a faɗi abin da aka aro, da abin da aka sauya, da ko ya zauna daram a gidan Bahaushe. A kuma tuna cewa akwai wata jijiyar ta gida: fim ɗin Ki Yarda Da Ni daga littafin Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa aka ɗauko shi, Funtuwa kuwa maƙwabciyar Faskari ce, kamar yadda aka ɗauko Shehu Umar na Adamu Halilu a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Wanda ya san wannan tarihi zai iya auna sabon fim da ma'aunin gida, ba sai ya ɗauko na Amurka ba.

Hujjar da masu shirya fim suka fi kawowa yanzu ita ce lambobi. Tun da kasuwar faifai ta mutu aka koma finafinai masu dogon zango, irin su Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad a tashar Bakori TV, ana cewa yawan masu kallo a YouTube shi ne alƙali, mai sharhi kuwa hassada ce ke cin sa. Lamba tana faɗin mutum nawa suka danna, amma ba ta faɗin nawa suka tashi suna tsaki. Kuma tsarin da kuɗinsa ke zuwa daga yawan kallo shi ne ke sa a ja labarin fitowa goma ya kai arba'in, abin da masu kallo da kansu ke kuka da shi. Bugu da ƙari, lambar ba ta ƙirga mutanen shagon caji. Memori ɗaya yana zaga gida biyar ba tare da YouTube ya sani ba. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, mutanen yankin sun ɓace daga kowane lissafi na intanet na tsawon watanni. Batun hassada kuwa, gaskiya ne akwai masu fakewa da sharhi su ci mutuncin mutane, amma gane su ba wuya: mai hassada sunan jarumi yake kira, mai sharhi fitowa yake nunawa, ya ce a minti kaza sauti ya ɓace, a wuri kaza labari ya karye. Furodusan da ya kashe miliyoyi ya fi kowa buƙatar wanda zai gaya masa haka kafin ya sake zuba wasu.

Akwai kuma tambayar da mai sharhi ne kawai zai yi ta nanatawa: ina labarin da ba a ba da ba? A daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Shekaru ke nan manoman wannan yanki suna barin gonakinsu na daji, mata da yara suna kwana a garuruwan da ba nasu ba, iyalai suna sayar da hatsi da shanu don biyan kuɗin fansa. Ƙalilan ne daga finafinanmu suka kalli wannan rayuwa ido da ido. The Milkmaid na 2020, wanda aka yi da Hausa a kan matan da masu tayar da ƙayar baya suka sace, har Maryam Booth ta ci lambar yabo ta AMAA da shi, Desmond Ovbiagele ne ya shirya shi, ba ɗan Kannywood ba. Mai Martaba, wanda aka ɗauka a Daura kuma Najeriya ta tura gasar Oscar a 2024, ya nuna ana iya yin babban aiki a ƙasar Katsina, amma labarinsa na gadon sarauta ne a wani zamani da ya shuɗe. Za a ce raunin ɗanye ne, ɗaukar fim a yankin kuma akwai haɗari. Haka ne, amma labarin uwar da ke jiran ɗanta ba ya buƙatar bindiga ko daji. Tsakar gida ɗaya, tabarma, da wayar da ake ta kallo ko za ta yi ƙara, sun isa.

Sharhin da nake nufi ba lalle sai a takarda ba, domin da yawa daga masu kallo a Sabuwa da Faskari sun fi sabawa da saurare. Minti biyar a gidan rediyo duk mako, ko saƙon murya da zai yi yawo a WhatsApp, inda wani da ya kalli fim ɗin har ƙarshe zai faɗi abin da ya gani da dalilinsa, zai iya shiga memori ɗaya da fim ɗin. Matashin shagon caji shi zai fara saurare, tunda shi ake tambaya kullum.