Filin da ya Ragu a Bayan Ɗaki: Tsarinsa da Kalmominsa a Ƙasar Kankiya da Kusada

Wanda ya bi hanyar mota daga Kano zuwa Katsina, in ya wuce Bichi da Tsanyawa, zai iske Kankiya a kan hanya, Kusada kuwa tana gabas da ita, wajen iyakar Kano. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987 gidaje su ke ta ƙaruwa a gefen garuruwan nan, galibi a kan fuloti mai ƙafa 50 a faɗi da 100 a tsawo, watau wajen mita 15 da 30. Malamin makaranta ko ma'aikacin ƙaramar hukuma ya kan gina ɗakunansa a gaba, jingine da juna ƙarƙashin rufin kwano ɗaya, ya kewaye sauran da katanga, sa'an nan kuɗi su ƙare. Abin da ya ragu a baya, ƙasa ce tsirara, sai ɓaraguzan bulo da tumfafiya.

Abin mamaki shi ne, Hausa ba ta da sunan wannan wuri. Ba a ce masa bayan gida ba, gama kunya ta riga ta ɗauke wannan kalma ta ba masai, kamar yadda ta yi wa makewayi da ban-ɗaki. Ba kango ba ne, don kango sai inda aka taɓa zama aka tashi. Ba tsakar gida ba ne kuma, don tsakar gida ɗakuna ne su ke kewaye da ita suna dubanta, wannan kuwa ɗakuna sun ba shi baya. Mutanen karkarar nan su kan ce hili kawai, bisa ga lafazinsu na Katsinanci. Rashin sunan nan yana da dalili: a gidan gargajiya ba a san ragowar fili ba. Daga zaure zuwa shigifa, daga shigifa zuwa cikin gida, kowane taku yana da aikinsa, kuma tun ranar da aka ja danga an san inda rumbu zai zauna, da murhu, da turke, da akurki. Tsarin ya dogara ga abu biyu, aiki da sutura, watau wa zai yi me a nan, wa kuma zai iya hango shi yana yi. Mai fuloti da ke son ya raya filinsa, tambayoyin nan biyu ne za su fi yi masa amfani, ba hotunan lambunan Turai ba.

Magina na da su kan fara da ruwa, kuma har yanzu nan ne mafari. Damina a tsakiyar ƙasar Katsina wata 4 ce, daga Yuni zuwa Satumba, ruwan kuwa ya kan zo da ƙarfi a ɗan lokaci, balle a Agusta. Rufin kwano ba ya shan ko ɗigo, duk abin da ya sauka a kansa cikin fili ya ke zubewa. Saboda haka mai hankali ba ya dasa kome a shekarar farko sai ya tsaya a bakin ƙofa ana ruwa, ya ga inda ya ke bi da inda ya ke kwanciya. Inda ya ke fita, nan za a huda rariya a gindin katanga. Inda ya ke kwanciya, ko a cike shi, ko a mai da shi wurin shuka. A nan akwai kalmomi uku da ɗalibai su kan gwamutsa: indararo shi ne mai sauko da ruwa daga soro, rariya ita ce kafar da ke fitar da shi daga gida, kwata kuwa ita ce ke karɓarsa a waje. Rikicin maƙwabta da yawa da ke kaiwa gaban mai unguwa daga rariya ya ke tasowa.

Bayan ruwan sama sai rijiya da masai, kuma a nan ne kuskure ya ke da tsada, domin da lafiyar yara a ke biyansa. Masu aikin duba-gari, irin waɗanda makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya ta ke horarwa, su kan nemi tazarar mita 30 tsakanin ramin masai da rijiya, kuma masai ya kasance a gangare. To, fulotin duka tsawonsa mita 30 ne. Daga kusurwa zuwa kusurwar da ke daura da ita ne kaɗai a ke samun mita 33 da ɗoriya. Ke nan in masai yana ƙuryar baya, rijiya ba ta da wuri sai can gaba kusa da ƙofa, kuma ko an yi haka, masan maƙwabci yana iya zama ƙafa 5 daga bakin rijiyar, katanga kaɗai ta raba su. Ruwan ƙasa kuwa bai san katanga ba. Wannan magana ce da ba ta yankuwa sai an zauna da maƙwabci tun kafin a sa diga. Akwai kuma sharaɗin addini, cewa mai biyan bukata kada ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya, shi ya sa a ke daidaita masai kudu da arewa.

Sa'an nan inuwa. Hadari a wannan ƙasa daga gabas ya ke tasowa, hunturu ma daga arewa maso gabas, amma ranar da ke gasa bango ita ce ta yamma, daga azahar zuwa la'asar sakaliya. Itacen inuwa, in ɗaya ne, wurinsa yamma da ɗaki. Kakanni sun fi son ceɗiya da durumi, don reshe kawai a ke sara a kafa da damina ya kama. Tsamiya da kuka kuwa ba a cika dasa su cikin gida ba. An ce matattarar iskoki ce, ko da ya ke girmansu kaɗai ya isa hujja. Itacen da ya mamaye ko'ina yanzu baƙo ne daga Indiya, wanda aka fara dasawa a Borno a 1928. Kanawa na ce masa darbejiya, waɗansu dogon yaro ko maina, Katsinawa kuwa bedi. Yawan sunayen nan shaida ce cewa ba ta ƙofa ɗaya ya shigo ƙasar Hausa ba. Yana jure fari, akuya ba ta cika damunsa ba, amma saiwarsa na bin laima har ta tsaga katanga ko ramin masai. A fuloti mai faɗin mita 15, bedi ɗaya ya isa, kuma ƙofar gida ta fi dacewa da shi. Cikin fili, zogale da gwanda da lemun tsami da gwaba sun fi shi ladabi, ga kuma abin kaiwa baki.

Abin da ya saura bayan an fid da waɗannan shi ne ya kan zama garka. Kalmar nan tana bukatar lura. A nan, garka ɗan shingen shuka ne kusa da gida, inda mata su ke sa kuɓewa da rama da yakuwa da barkono, kabewa kuma ta hau danga. Ta bambanta da lambu, wanda a ke yi wa ban-ruwa da rani, yawanci a fadama. A bakin Sakkwatawa kuwa a kan ji garka da ma'anar ƙofar gida, abin da kan rikita ɗalibi in ya gamu da ita a rubutu. Wurin garka shi ne inda ruwan wanke-wanke da na alwala ya ke gangarawa, don shi ne zai riƙe lalle da zogale har bazara. Ruwan sabulun wanki dai ba a sakar wa ganyen miya. Maƙiyin garka na farko akuyar gida ce, saboda haka turke da garka ba sa zama ba shinge tsakani. A gona da aguwa ko bini-da-zugu a ke yin shinge, amma ƙwayar bini-da-zugu guba ce ga yara, ruwan aguwa kuma na ɓata ido. A cikin gida zana ko darnin kara ya fi.

Yayin da a ke yi yanzu shi ne a malale filin duka da siminti, ana ganin tsabta ke nan. Lalle shara ta kan yi sauƙi. Amma daɓen siminti na tara zafin rana ya sake shi da dare, lokacin da iyali su ke shimfiɗa a waje cikin watan Afrilu, kuma ruwan da ƙasa za ta sha sai ya taru ya fi ƙarfin rariya. In za a yi daɓe, wurin girki da wurin wanki da 'yar hanyar zuwa makewayi sun isa. Sauran a bar shi ƙasa, a zuba rairayi inda a ke zama, a kafa rumfa kusa da murhu yadda hayaƙi ba zai bi iska ya shiga ɗaki ba, a bar wurin turmi da igiyar shanya inda mai tsayawa a ƙofa ba zai hango su ba.