Zaure, Rijiya da Duba-gari a Unguwar Hausawan New Bell

Da sunan kiwon lafiya aka kafa unguwar New Bell a Duwala. Likitocin Jamus, irin su Hans Ziemann, sun yi ta cewa maƙwabtaka da baƙar fata ce ke jawo wa Turawa zazzaɓin cizon sauro, don haka gwamnatin mulkin mallaka ta Jamus ta ƙudiri tashin 'yan ƙabilar Duala daga bakin Kogin Wouri zuwa sababbin unguwanni irin su New Bell, a bar filin kilomita 1 tsakaninsu da Turawa. Sarkinsu Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi, aka rataye shi ranar 8 ga Agusta, 1914. Bayan mulki ya koma hannun Faransa a 1916, sai New Bell ta zama masaukin baƙi, cikinsu har da Hausawa fatake da mahauta. Ba mamaki mutanen irin wannan unguwa su riƙa kallon duba-gari da wutsiyar ido.

Hausawan da al'adunsu suka zo. Baƙo yakan sauka wurin mai masauki, ya kwana a zaure, a ci tuwo a kwano ɗaya. Baligin da ba muharrami ba iyakarsa zaure, balle a ce ya kutsa cikin gida yana leƙa randa da masai. In ciwo ya kama mutum, wanzami na nan da ƙahonsa, malam da rubutun sha, mai naƙuda kuma ungozoma, sai abin ya faskara a nufi asibitin Laquintinie. Dubiya wajibi ce. In rai ya yi halinsa a yi wa mamaci wanka, a sa shi a likkafani, a sallace shi a binne ba da ɓata lokaci ba, sannan a zauna makoki ana cin abincin sadaka. Ma'aikacin lafiyar da ya tsallake Sarkin Hausawa da liman ya faɗa wannan tsari da takardar tara a hannu, abin da zai samu shi ne a ɓoye masa majinyaci.

Wani zai ce ai waɗannan al'adun ne hanyar annoba. Akwai ƙamshin gaskiya: gawar mai kwalara na ɗauke da cutar, kuma hannun da ya wanke ta ya shiga kwanon taro haɗari ne. Amma kwalara, wadda ta shigo Kamaru a 1971, ba ta tambayar ƙabila. Annobar 2004 da ta kwantar da dubban mutane a Duwala daga Bépanda ta taso, ba daga unguwar Hausawa ba, kafin ta bazu har New Bell. Abin da ya haɗa unguwannin shi ne ƙasa mai fadama, ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, da rijiyoyi marasa zurfi da aka haƙa dab da masai. Al'ada kuwa tana da masu ita, ana iya zama da su. Liman zai iya amincewa masu wankan gawa su sa safar hannu, a zuba sinadarin kulorin a ruwa, ba tare da an taɓa farilla ba, mace ma'aikaciya kuma za ta shiga inda aka hana namiji. Butar alwala da rijiyar ta cika, sai hukumar birni ta kawo famfo ta gyara magudana kafin ruwanta ya tsarkaka daga cuta.