Famfon Fetur Na Motar Ƙungiya: Babba Ba Shi Ne Nagari Ba

'Yan'uwa manoma, ƙungiyoyinmu da yawa suna dogara ga tsohuwar mota a-kori-kura domin kai taki gona da kuma kai amfani kasuwa. An fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna a shekarar 1975, kuma har yau 504 tana ɗaukar kaya a hanyoyin ƙauyuka. Yawancin irin waɗannan motoci masu kafireta ne. Idan famfon fetur ya mutu, mota ta tsaya ke nan. In kuwa tumatir ne aka ɗauko, kwana biyu a bakin hanya sun isa su cinye ribar shekara.

To, wane irin famfo ya kamata a saya? Abu biyu ake dubawa, watau ƙarfin turi da yawan fetur.

A cikin kafireta akwai wani ɗan kwano da fetur ke taruwa. Akwai kuma wani abu mai iyo a saman fetur ɗin, wanda ke tura 'yar allura ta toshe ƙofa idan kwanon ya cika. Wannan allura ba ta da ƙarfi sosai. Ana auna ƙarfin turin famfo da wani ma'auni da ake kira psi. Kafireta irin ta Solex ko Weber tana son wajen psi 3 zuwa 4. Manyan kafiretocin Holley na motocin tsere a Amurka suna son 5 zuwa 7. Amma famfon motocin zamani masu injekta yana tura psi 40 zuwa 60, watau ya ninka bukatar kafireta fiye da sau goma.

A nan ne haɗari yake. A wurin masu sayar da kayan mota, famfunan lantarki na injekta sun yi yawa, kuma wani zai ce muku mai ƙarfi ya fi. Idan aka ɗaura shi a mota mai kafireta, sai ya fi ƙarfin allurar, fetur ya yi ta malala. Filogi zai jiƙe, mota ta riƙa fitar da baƙin hayaƙi, fetur ya gangara ya tsinka baƙin mai. Mafi muni shi ne ya zuba a kan inji mai zafi, wuta ta tashi.

Batun yawan fetur kuwa, lissafinsa mai sauƙi ne. Inji mai ƙarfin doki 100 yana shan wajen lita 30 a awa guda idan an taka shi iyakar ƙarfinsa. Injin tsere mai ƙarfin doki 400 yana bukatar ninki huɗu na wannan, shi ya sa ake ƙera masa babban famfo. Injin 504 mai kafireta bai wuce ƙarfin doki 100 ba. Saboda haka kada ƙungiya ta ɓata kuɗinta wajen sayen famfon da injinta ba ya bukata.

Shawararmu ita ce a fara neman famfo irin na ainihi, wanda injin da kansa yake motsawa. An yi shi daidai da kafiretar, kuma da inji ya tsaya shi ma ya tsaya. Lahaninsa shi ne robar cikinsa takan yage. Alamar haka ita ce baƙin mai ya ƙaru kuma yana warin fetur.

In ba a samu ba, sai a sayi na lantarki wanda aka rubuta psi 4 ko ƙasa da haka a jikinsa ko a kwalinsa. A ɗaura shi kusa da tanki, can ƙasa, nesa da salansa, gama irin wannan famfo ya fi iya turi bisa ga tsotso. A sa abin tace fetur tsakaninsa da tanki. A sa masa fiyus. A kuma roƙi mai gyaran waya ya haɗa shi yadda zai tsaya da zarar inji ya mutu, domin kada ya ci gaba da feso fetur idan an yi haɗari.

Kafin a fitar da kuɗi daga asusu, a tabbata famfon ne ya lalace. Sau da yawa abin tace fetur ne ya toshe da datti, ko tiyo ya tsage yana shan iska, ko kuwa 'yar hudar da iska ke shiga tanki ce ta toshe. Waɗannan gyaransu ba shi da tsada.

Muna roƙon shugabanni da ma'aji na kowace ƙungiya su tura mutum guda tare da direba ranar saye, ya karanta lambar psi da idonsa, ya karɓo rasit. A rubuta irin famfon da ranar da aka sa shi a littafin ƙungiya. Motar ta jama'a ce, kuma rigakafi ya fi magani.